Mijina ya dawo da kuskuren da ya shekara yana cirewa, kuma ni kaɗai na gani

Wata 'yar uwa ce ta turo mana wannan ta bayan fage, ta roƙi a sakaya sunanta. A daure a karanta har ƙarshe kafin a ce komai, kuma a tausasa harshe.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya, ya iyali, ya ayyuka. Admin Allah ya biya ka, ka taimaka ka ɓoye ni, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, kuma duk danginmu babu wanda zan zauna in yi wa bayanin nan ya gane inda ciwon yake. Na zaɓi nan ne don na san akwai masu harkar kwamfuta a cikinku, akwai kuma matan aure da waɗanda suka taɓa jinyar wani nasu, tawa matsalar ta haɗa duka. Ku yi haƙuri, zancen yana da ɗan tsawo.

Ni 'yar Safana ce, aure ya kawo ni Batsari, ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare. Mijina, bari in ce masa Abban Hanifa, ɗan Wagini ne, iyayensa manoma ne har gobe suna can. A makaranta muka haɗu a Katsina, fanninmu ɗaya amma yana gabana. Ni dai na yi karatun ne don in samu takarda in kama aiki, shi kuwa abin a jininsa yake, mutum ne da zai manta bai ci abinci ba in yana bin wata matsala. Yana da shago a nan cikin gari, gyaran kwamfuta da waya da haɗa wa mutane sola, da shi muke rufa wa kanmu asiri. Amma abin da ransa ke so daban ne. Akwai wata babbar manhaja da mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna rubutawa, kowa ya kawo gyaransa a duba a karɓa ko a ƙi, to shi can cikin cikinta yake aiki, wurin da suke ce wa kanel, wato uwar manhajar da ke juya komai na kwamfuta, ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa da memorinsa. Ba aikin albashi ba ne, so ne kawai. In sabis ya ɗauke a unguwarmu sai ya hau mashin ya tafi bakin gari inda ake samu, ya tura saƙo ɗaya ya dawo, abokansa suna ta yi masa tsiya.

Dole in ɗan yi bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ke cin raina ba. Idan kanel ta samu matsala akwai wata 'yar manhaja ta bincike, dibaga suke ce mata, ita ke tsayar da kwamfutar cak don mai gyara ya leƙa ya ga me ya lalace. To ita ma dibagar tana buƙatar memori don ta yi nata aikin, ta riƙe umarnin da aka rubuta mata, ta jera abin da ta gano. Abban Hanifa ya lura cewa wani lokaci ita kanta dibagar sai ta sandare, kwamfutar ta mutu a tsaye, duk abin da ake son gani ya tafi don sai dai a kashe a kunna. Ya bi ya bi har ya gano dalili. Yadda ya kwatanta min a lokacin shi ne, kamar a ce a gida ka daka wa kowa tsawa ka ce kar wanda ya motsa, har da wanda makullin sito ke hannunsa, sannan kai da ka ba da umarnin ka je bakin siton ka tsaya kana jiran a buɗe maka. Ba za a buɗe ba har abada, don kai ka tsayar da mai makullin. Maganin da ya kawo shi ne tun lokacin da kwamfuta ke tashi, komai lafiya, a ɗebar wa dibagar ɗan memorinta a ajiye gefe, in ranar ta zo daga nan za ta riƙa ɗauka tana mayarwa, ba ta jiran kowa. A baki abin da sauƙi, amma sai da ya kusa shekara a kansa, don wuraren da dibagar ke neman memori suna da yawa, wasu kuma a ɓoye suke cikin wasu.

Ni ce mai yi masa gwaji. Muna da wata tsohuwar laftof da allonta ya tsage, ita muke rikitawa da gangan, a haɗa ta da tasa da waya, ya ce "Maman Hanifa, danna", in danna, mu zuba ido mu ga ko za ta sandare. A nan na koyi karanta irin wannan kod ɗin, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, ba a makaranta ba. Yana da haƙurin koyarwa, bai taɓa nuna min tambayata ta shirme ce ba ko da kuwa ta shirmen ce.

Da ya gama ya tura gyaran zauren imel ɗinsu. Shi wannan zauren a buɗe yake, kowa a duniya yana iya karantawa, kuma abin da aka rubuta ba a gogewa. Mai kula da sashen wani dattijo ne a wata ƙasar Turai, mu a gida Tsoho muke ce masa, an san shi ba ya yabo kuma ba ya kwana-kwana. Sai ga amsarsa, ya ce tunanin mai kyau ne, an daɗe ana fama da matsalar, ya nuna masa 'yan wuraren da zai gyara. Ranar nan Abban Hanifa har Wagini ya kira Baba mahaifinsa a waya yana masa bayani, Baba yana ta cewa "to madalla, Allah ya yi albarka", alhali na tabbata ko kalma ɗaya bai gane ba. Ya gyara ya sake turawa, Tsoho ya ce saura abu ɗaya tak, idan ɗan memorin da aka ajiye ya ƙare fa, me zai faru? Ina tunawa muna cin ɗanwake da hantsi ya ba ni amsar yana dariya, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, in ya ƙare sai dibagar ta ce babu, ta bar wannan umarnin, ta gaya wa mai bincike a fili cewa wuri ya cika, ta mayar da abin da ta riga ta ɗauka, amma ko da wasa kada ta koma neman memori ta hanyar da aka saba, don wannan shi ne ainihin cutar. Ya ce in ya dawo daga Wagini zai rubuta, ba zai ɗauke shi wuni ba.

Lokacin roron wake ne. Ya tafi taya Baba, da yamma ya ɗauro buhu a bayan mashin ya kamo hanya. A wani gangare mai yashi wata saniya ta fito daga cikin garke ta gitta gabansa, ya kauce, nauyin buhun ya rinjaye shi, kansa ya bugi dutse, kuma ba hular kwano. Fulanin da ke kiwon shanun sun san Baba, su suka ɗauke shi a hannu har bakin hanya suka tare motar a-kori-kura, Allah ya saka musu da alheri. Daga asibitin nan aka wuce da mu Katsina. Kwanakin da ya yi bai san inda kansa yake ba, ba na son tuna su. Da ya farfaɗo ya gane ni, ya gane Inna mahaifiyarsa, ya tambayi ina 'yarmu Hanifa, sannu a hankali magana ta dawo, tafiya ta dawo, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ai an warke sai godiya. Kuma wallahi ina godiya. Amma ni da nake kwana nake tashi da shi na san ba duka ya dawo ba. Zai fara magana ya kai tsakiya sai ta kuɓuce masa, ya tsaya yana kallona in ƙarasa masa. Zai idar da sallah ya tambaye ni raka'a nawa na ga ya yi. Hannunsa na dama yana rawa, don haka shago yana rufe. Ga saurin fushi, mutumin da a da sai ka yi da gaske kafin ka ga ɓacin ransa. Likita ya ce wani abin zai dawo a hankali, wani kuma wataƙila ba zai dawo ba, ba mai iya cewa wanne ne wanne, ya ce kar a hana shi abin da yake so amma kar a bari ya matsa wa kansa.

Ranar da ya fara buɗe laftof ɗinsa ina gefe ina tsintar shinkafa. Ya daɗe yana kallon kod ɗin da ya rubuta da hannunsa, yana hawa yana sauka, can sai ya juyo ya ce, "Maman Hanifa, wane gwani ne ya rubuta wannan?" Ya yi murmushi kamar wasa yake, ni ma na yi dariya na ce wani ɗan Wagini ne mai taurin kai. Sai na tashi na shiga kicin na toshe bakina da gefen zani don kar ya ji ni.

Daga ranar kullum in na tafi makaranta sai ya zauna a kai. In dawo in tarar da shi ya dafe kai, idanu sun yi ja. Na ce mu zauna tare kamar da, ya ce a'a, in bar shi, wannan nasa ne. Ban matsa ba. Ashe ya gama har ya tura bai nuna min ba, ni a makaranta na gani a wayata lokacin da yara suka fita cin abinci, don ni ma ina karɓar saƙonnin zauren. Na buɗe na karanta. Ya rubuta cewa in memorin ajiya ya ƙare, dibagar ta koma ta nema ta hanyar da aka saba. Jama'a, abin da ya shekara yana cirewa, abin da ya ce min ko da wasa kar a yi, shi ya mayar da hannunsa, har ya yi bayani a ƙasa yana cewa wannan zai warware matsalar. Na zauna a ofishin malamai na kasa shiga aji na gaba.

Tsoho bai san komai ba, shi dai ya ga mutum ya yi shiru wata da watanni sannan ya dawo da wannan. Amsarsa gajera ce kuma a gaban kowa. Ya ce wannan ya dawo da ainihin cutar da aka zo magancewa, ya tambaya ko an ma gwada kafin a turo, ya ƙara da cewa kamar ba wanda ya rubuta na farkon ne ya rubuta wannan ba. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan, kuma gaskiyar da ya faɗa ta fi yadda shi kansa ya sani. Na dawo gida na tarar da Abban Hanifa zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, laftof a rufe, abincin da na bar masa ko buɗewa bai yi ba. Na zauna kusa da shi. Can sai ya ce, bai ko dube ni ba, "Da ma Fulanin nan sun bar ni a wurin." Na ce ya yi istigfari, ya yi, ya ce shi ma bai san yadda aka yi maganar ta fito ba. Amma ta fito kuma na ji ta. Na gaya wa likita a asirce, ya ƙara masa wani magani ya ce in sa ido, tun ranar ban ƙara samun natsuwa in na bar shi shi kaɗai a gida ba.

Da ya ɗan sauko na kawo shawarar mu rubuta wa Tsoho mu gaya masa hatsarin da aka yi, ai mutum ne, zai fahimta, zai ƙara lokaci. Tunda muka yi aure ba mu taɓa faɗa irin na ranar ba. Ya ce a masallaci tausayinsa ake ji, a kasuwa tausayinsa ake ji, har yaran unguwa in sun gaishe shi sai sun rage murya, wuri ɗaya ya rage masa a duniya inda ba a san kansa ya fashe ba, inda in an zage shi don aikinsa aka zage shi, shi ne nake so in je in ɓata. Ya ce bai yafe ba in na rubuta. Na ce to ya bari in taimaka, ai tare muka fara, ya ce wato ni ma na gama yanke hukunci ya nakasa, sai dai a riƙa rubuta masa yana sa hannu. Na yi kuka, daga baya ya ba ni haƙuri, amma bai janye ko ɗaya ba, ya ma ƙara da cewa kada in taɓa masa aikin.

Ana cikin haka Inna ta zo daga Wagini ta ga yadda ya rame. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida da amfanin gona, ta ja ni ɗaki ta ce, "Ɗiyata, wannan allon shi ke cinye mashi kai. Ke kika san kanshi, ki ɓoye shi, ko ki yi mashi abin da ba zai ƙara tashi ba." Ita da Yaya Sani, wansa da ke sayar da hatsi a kasuwar Safana, sun riga sun shirya ya riƙa zuwa yana zama a rumfa yana awo, ya ga mutane, ya huta da tunani. Ban ce ba su da gaskiya ba, uwa ce, ɗanta take gani yana ƙarewa a gabanta. Amma na san in aka raba shi da allon nan an raba shi da abin da ke tashinsa da safe. Na ce mata in sha Allah zan duba, don na rasa yadda zan fassara mata kanel da dibaga. Mahaifiyata kuma da na je Safana na ɗan gutsura mata, cewa ta yi in bi mijina in dage da addu'a, kuma ina yi.

Sai wani saurayi daga wata ƙasa ya shigo zauren imel ɗin cikin ladabi ya ce in mai aikin ba shi da lokaci shi zai ƙarasa, kuma zai bar sunan mai aikin a kai. Tsoho ya ce zai jira mai aikin zuwa ƙarshen watan nan, in bai kawo mai kyau ba sai a ba saurayin. Abban Hanifa ya karanta ya ce ba wanda zai rufe masa ginin da ya kai linta. Ya koma kai gadan-gadan.

Ni kuma a makaranta in ba ni da aji sai na tsinci kaina ina rubuta abin a tawa laftof ɗin. Ba dabarata ba ce, abin da ya faɗa min ranar ɗanwake kawai na bi, 'yan layuka ne ba su da yawa. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na ɗauko tsohuwar laftof ɗin nan na gwada nawa, na cika memorin ajiya da gangan har ya ƙare, dibagar ta ce babu wuri, ta ci gaba da amsawa lafiya lau. Na san ya hana ni, amma tasa laftof ɗin tana buɗe a kan tabarma, na kasa daurewa na kwafi sabon nasa shi ma na gwada. Ya cire kuskuren a inda Tsoho ya nuna masa, amma ya sake shigo da shi ta wata ƙofar, ya naɗe shi cikin wani ɗan aiki mai sabon suna, shi kansa bai lura abu ɗaya ba ne. Ga kuma wani wurin da yake mayar da gutsuren memori ɗaya sau biyu, wannan ma ɓarna ce mai zaman kanta. Ina cika memorin sai kwamfutar ta sandare. Na kashe na kunna na sake, ta sake sandarewa. Na mayar da komai inda yake, na wanke fuskata kafin ya dawo.

Abin da ya sa shi bai gani ba, gwajin da yake yi ba ya kaiwa inda memorin ke ƙarewa, ya manta da wannan matakin, shi da ya koya min shi. Don haka a wurinsa komai yana tafiya daidai. Shekaranjiya na dawo daga makaranta, tun daga zaure na ji muryarsa, "Maman Hanifa! Zo ki gani, ya yi! Wallahi kaina ya dawo!" Ya riƙo hannuna ya zaunar da ni, ya gwada a gabana, kwamfutar ba ta sandare ba. Yana hawa da sauka yana nuna min, ni kuwa na hango layukan nan suna nan yadda na gan su ranar Juma'a. Tun hatsarin ban ji dariyarsa irin ta ranar ba. Ya ci tuwo ya nemi ƙari, ya saɓa Hanifa a wuya yana zagaya tsakar gida da ita, da la'asar ya tafi masallaci bai dawo ba sai da ya tsaya hira da mutane, har shagonsa ya je ya buɗe ya share. Da ya dawo na buɗe baki in ce ya cika memorin ya gani, maganar tana kan harshena, sai ya riga ni, ya ce, "Kin san me ya fi min daɗi? Ba wanda ya sa min hannu. Na gode da kika bar ni, ke kaɗai ce ba ki yi min kallon mara lafiya ba." Na ce alhamdulillah. Abin da na iya cewa ke nan. Ya ce ranar Litinin zai tura, yana so ya ƙara duba bayanin da zai haɗa da shi.

To 'yan uwa ga inda nake. Wani lokaci zuciyata takan ce in musanya, in sa nawa a madadin nasa kafin ya tura, ai dama maganarsa ce na rubuta, tunaninsa ne tun yana da lafiya, ni hannu kawai na ara masa. Tsoho zai karɓa, sunansa zai shiga, Inna za ta ƙyale shi. Amma a ƙasan kowane gyara mutum yana sa sunansa ne yana shaida cewa shi ya rubuta, ke nan zan sa shi ya yi shaidar ƙarya bai sani ba. Kuma ya san hannuna, shi ya koya min, ranar da ya koma ya karanta ya gane ban san ko zai ƙara yarda da ni a kan komai ba. In ma bai gane ba, gobe zai ɗauko wani aikin da ya fi wannan yana ganin kansa ya dawo, shi ke nan na zama mai bin bayansa ina gyarawa a ɓoye har ƙarshen zamanmu, mutumin da bai taɓa ɓoye min komai ba.

In kuma na zaunar da shi na gaya masa gaskiya, na cika memorin a gabansa ya ga ta sandare, to na san da hannuna na kashe dariyar nan, kuma zai gane na taɓa abin da ya hana ni. Wancan karon baƙo ne ya faɗa masa daga nesa kuka ji abin da ya fito daga bakinsa, wannan karon ni ce, wadda ya gama yi wa godiya. Sai dai wata zuciyar tana ce min Abban Hanifa na da, wanda na aura, da shi za a tambaya cewa zai yi a gaya masa, don ya tsani a lallaɓa mutum a kan kod, yakan ce gara ni in nuna masa da kwamfuta ta nuna masa. Amma ban san ko na yanzu zai iya ɗauka ba. Likitansa sai wata mai zuwa za mu koma, na yi ta kira ban same shi ba.

In na yi shiru ya tura, ko dai Tsoho ya gani ya sake yi masa a gaban duniya ya miƙa aikin ga saurayin, ko kuma, abin da ya fi ba ni tsoro, tunda wannan karon kuskuren a naɗe yake, ya wuce ba a lura ba, ya je ya sandarar da kwamfutar wani bawan Allah daidai lokacin da yake neman gano matsalarsa, a bi sawu a tarar da sunan mijina a kai, kuma ni na sani na yi shiru. Rubuta wa Tsoho kuwa ya ce bai yafe ba, ni kuma ina tsoron wannan kalmar.

Masu harkar nan, akwai hanyar da zan sa ya gano kuskuren da kansa ba tare da ya san na riga na gani ba? In na yi hakan kuma, ba yaudarar ba ce dai? Waɗanda suka yi jinyar mai irin wannan rauni, gaskiya tana taimaka musu ko baya take mayar da su? Malamai, in miji ya hana abu matar kuma ta ga cutuwa a cikin shirun, ina mafita? Roƙona ɗaya, kar a ce min ai kod ne kawai in bar shi da abinsa, da kun ga fuskarsa shekaranjiya ba za ku ce haka ba.

Yanzu haka a ofishin malamai nake rubuta wannan, sai ga saƙonsa ya shigo. Wai ya kira Inna da Yaya Sani ya ce su zo ranar Litinin da safe, yana so su zauna su ga lokacin da zai danna ya tura, don hankalinsu ya kwanta su san ya warke. Ya ce in nemi izini a makaranta, yana so ina zaune kusa da shi. Ya tambaye ni me za a dafa musu. Na karanta, ya kuma ga alamar na karanta, har yanzu ban amsa ba, ga shi an kusa tashi. Don Allah me zan ce masa in na shiga gida?